Yadda zaka gane gaskiyar magana idan kaji ance "Paparoma ya canza addini"

Duk bayan 'yan watanni sai an sake kawo shi. Wani ya turo hoto a guruf ɗin WhatsApp, Paparoma cikin farar rigarsa, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe wai ya halatta kaza ko ya soke kaza, kafin kace kwabo sharhi ya cika ko'ina, wasu na cewa ai dama ƙarshen duniya ya zo, wasu na cewa madalla an waye, kuma cikinsu da wuya ka samu mutum ɗaya da ya buɗe takardar da ake ta hayaniya a kanta. Wannan rubutun na wanda yake so ya shiga irin wannan gardamar ne da ƙafar dama, ɗan Katolika ne shi ko ɗan ECWA ko Musulmi mai son sanin me maƙwabtansa ke ciki. Tambayar ko ya kamata addini ya bi zamani tambaya ce babba, amma ba zaka iya amsa ta ba sai ka fara sanin me ya canza ɗin tukuna, don yawancin lokaci abinda aka ce ya canza yana nan daram, abinda ya canza da gaske kuma ba wanda ya lura da shi.

Fara da tambayar a ina ya faɗa, kuma a wane matsayi. Mutane sun ɗauka duk abinda ya fito daga bakin Paparoma doka ce, alhali ko 'yan Katolika basu yarda da haka ba. Paparoma Francis, wanda ya rasu ranar 21 ga Afrilu 2025, mutum ne mai son hira da 'yan jarida, musamman a cikin jirgi in yana dawowa daga tafiya. A watan Yuli 2013 yana dawowa daga Brazil aka tambaye shi game da 'yan luwaɗi, ya ba da amsar nan da ta zaga duniya, cewa in mutum yana neman Ubangiji da kyakkyawar niyya, shi wanene da zai yanke masa hukunci. To wannan hira ce. Ko wasali ɗaya bai motsa a littafin katikizim ba, wato littafin da ya tattara koyarwar Katolika, saboda ita. Sama da hira akwai wa'azi da jawabi, sama da su akwai takardun da ofisoshin Fadar Vatikan ke fitarwa da amincewarsa, akwai doguwar wasiƙar koyarwa da ake kira ensiklika, akwai takardar da yake canza dokar coci da ita da hannunsa, sannan akwai babban taron bishop-bishop na duniya baki ɗaya. Can ƙololuwa akwai hukuncin da suke cewa ba kuskure a cikinsa, wanda aka ayyana a taron Vatikan na ɗaya a 1870, kuma tun daga lokacin sau ɗaya tak aka yi amfani da shi ta wannan siga, a 1950, kan maganar ɗaukar Maryamu zuwa sama. Saboda haka in aka turo maka labari, ka nemi sunan takardar da kwanan wata. Takardun suna nan kyauta a shafin Vatikan da Turanci da Faransanci, wasu har da Larabci, kuma yawancin sunayensu na Latin ne, kalmomi biyu ko uku na farkon rubutun. In babu sunan takarda babu kwanan wata, sai dai "majiya ta ce", ajiye shi gefe ka ci gaba da harkarka.

Da ka samu takardar, sai ka tambayi kanka wane irin abu ta taɓa. Nan ne yawancin masu gardama ke zamewa, don suna zuba komai a kwando ɗaya. Akwai aƙida, irin su Triniti, tashin Yesu daga matattu, abinda suka gaskata game da jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake karɓa a lokacin ibada, waɗannan babu Paparoman da ya taɓa cewa zai taɓa su, in kaji an ce ya taɓa to ƙarya ce kai tsaye. Akwai kuma dokar coci da tsarin gudanarwa, waɗanda coci da kansa yake cewa shi ya kafa su kuma yana iya sauke su. Masu karatu Musulmi sun san bambancin aƙida da mas'alar fiƙihu, to ba daidai yake da wannan ba amma zai taimaka maka ka kama zaren.

Misalan kashi na biyu suna da yawa. A da wanda zai karɓi jibin Ubangiji sai ya kame baki tun daga tsakar dare, ko ruwa ba zai sha ba, Paparoma Pius na 12 ya sassauta har ya mayar da shi awa uku a 1957, Paul na 6 ya mayar awa ɗaya a 1964, kuma haka yake har yau. Haramcin cin nama kowace Juma'a an sassauta shi a 1966, aka bar wa bishop-bishop na kowace ƙasa su tsara. Jerin littattafan da aka hana karantawa, wanda ya yi sama da shekara ɗari huɗu yana aiki, an daina shi a 1966 ɗin dai. Rashin auren Fada ma, wato limamin Katolika, wanda mutane ke ɗauka shine ginshiƙin Katolika, doka ce ta cocin yamma, an ƙarfafa ta a taron Lateran na biyu a 1139. Akwai majami'u 23 na gabas da suke ƙarƙashin Paparoma, irin su Maroniyawan Lebanon, da suke naɗa magidanta su zama limamai da matansu da 'ya'yansu, haka kuma wasu fastocin Anglika da suka koma Katolika an naɗa su da aurensu. Abinda babu dai shine mutum ya zama Fada sannan ya je neman aure. Kaga kenan in gobe wani Paparoma ya sassauta wannan, babban labari ne ƙwarai, amma ba zaka ce an canza aƙida ba.

Naɗa mata su zama Fada kuwa, John Paul na 2 ya rubuta a 1994 cewa coci bashi da ikon yin haka kuma a ɗauki maganar a matsayin rufaffiya, Francis ma da ake ganin mai sassauci ne ya maimaita hakan. Abinda ya yi shine a 2021 ya buɗe wa mata muƙamin masu karatu da masu hidima a bagadi a hukumance, a 2023 mata suka kaɗa ƙuri'a karo na farko a taron sinod, wato taron shawara na bishop-bishop, a Janairu 2025 kuma ya naɗa Sista Simona Brambilla shugabar ɗaya daga cikin manyan ofisoshin Vatikan. Wasu sun ce ya yi kaɗan wasu sun ce ya wuce gona da iri, kai dai ka san wanne ne aka taɓa wanne ba a taɓa ba.

Sai dai fa kar wani ya ruɗe ka da cewa layin nan a miƙe yake, wai koyarwa bata taɓa motsi ba sai doka kawai. Akwai wani fili a tsakiya mai santsi, kuma mai gaskiya dole ya yarda da shi. Ɗauki hukuncin kisa. Lokacin da Paparoma ke mulkin ƙasa a tsakiyar Italiya yana da hauni nasa mai sare kai, dokar birnin Vatikan ma tana ɗauke da hukuncin kisa har 1969. Katikizim na 1992 ya ce hukuma na iya zartar da shi a laifi mai tsanani, a 1997 aka ƙuntata shi sosai, a watan Agusta 2018 Francis ya sa aka sake rubuta sakin layi na 2267 cewa ba abin amincewa bane. Haka maganar ruwan bashi, ƙarni da ƙarni coci yana tsine wa masu ba da bashi da ruwa, har a 1745 Benedict na 14 ya sake rubuta wasiƙa a kai, yau kuma Vatikan tana da bankinta. Malaman coci suna kiran wannan bunƙasar koyarwa, wato tushen bai canza ba fahimta ce ta ƙaru, masu suka kuma suna cewa canji ne aka sa masa babbar riga. Ni a ganina a wasu wuraren masu sukar suna da ƙamshin gaskiya, kuma ɗan Katolikan da ya musanta hakan gaba ɗaya yana wahalar da kansa ne a banza.

Yanzu sai ka koma baya ka karanta tarihi, don ba zaka fahimci rigimar yau ba in baka san shekaru ɗari da suka raba 1864 da 1965 ba. A 1864 Paparoma Pius na 9 ya fitar da jerin kurakurai 80 na zamani, na ƙarshen cikinsu shine ra'ayin cewa Paparoma zai iya kuma ya kamata ya sasanta da ci gaba da sassaucin ra'ayi da wayewar zamani. Ka duba fa, tambayar da muke yi yau ita ce aka rubuta a matsayin kuskure na 80. Mutumin yana da dalilinsa, juyin juya halin Faransa ya kashe limamai ya ƙwace dukiyar coci, 'yan kishin Italiya kuma suna cinye masa ƙasa yanki-yanki har suka karɓe Roma a 1870, to a idonsa zamani maƙiyi ne mai bindiga. Pius na 10 ya ƙara ɗaure igiyar, a 1907 ya yi Allah wadai da 'yan zamananci a cikin coci, daga 1910 kuma duk Fada da malamin tauhidi sai ya yi rantsuwar ƙin zamananci, rantsuwar da ba a daina ba sai 1967.

Sai ga John na 23, tsoho ɗan shekara 76 da aka zaɓa a 1958 ana zaton zai ɗan riƙe kujera ne kawai kafin a samu wani. Wata uku da hawansa, ranar 25 ga Janairu 1959, ya ce zai kira babban taro, wanda aka sani da taron Vatikan na biyu. Aka buɗe ranar 11 ga Oktoba 1962 da bishop sama da dubu biyu, shi ya rasu a 1963, Paul na 6 ya ƙarasa aka rufe ranar 8 ga Disamba 1965 da takardu 16. Cikin waɗanda suka zauna a zaman ƙarshe har da wani matashi ɗan Najeriya, Francis Arinze, da aka naɗa bishop a 1965 yana da shekara 32, wanda daga baya ya zama kadinal ya shugabanci ofishin tattaunawa da sauran addinai na kusan shekara goma sha takwas.

Ba sai ka karanta duka 16 ɗin ba, gaskiya wasu ma sai ka yi gyangyaɗi. Karanta uku. Ta farko ita ce ta ibada, Sacrosanctum Concilium, ta Disamba 1963, wadda aka amince da ita da ƙuri'a 2,147 kan 4. In ka karanta da kanka zaka sha mamaki, don kowa na cewa taron ya soke Latin, alhali takardar cewa ta yi a ci gaba da riƙe Latin amma a ba harsunan jama'a wuri, kuma ko kaɗan bata ce Fada ya juyo ya fuskanci jama'a ba, wannan duk a wajen aiwatarwa ya zo, da sabon littafin Misa, wato babbar ibadar Katolika, na 1969 zuwa 1970. Riƙe wannan darasin, abinda takarda ta ce daban, abinda aka yi da ita daban. Ta biyu Nostra Aetate, ta Oktoba 1965, gajera ce zaka gama ta kafin shayinka ya huce, sakin layi na uku nata kan Musulmi ne, ta ce coci yana dubansu da girmamawa, suna bauta wa Allah ɗaya, suna girmama Yesu a matsayin annabi da mahaifiyarsa Maryamu, suna sallah da zakka da azumi, ta kuma roƙi a bar gabar da ta wuce a nemi fahimtar juna. Daga wannan sakin layin ne hanya ta buɗe har John Paul na 2 ya shiga masallacin Umayyawa a Dimashƙa a 2001, har Francis da Shehun Azhar Ahmad al-Tayyib suka sa hannu a takardar 'yan uwantaka a Abu Dhabi a Fabrairu 2019. Ta uku Dignitatis Humanae, kan 'yancin addini, wadda ta ce ba hukumar da ke da ikon tilasta wa mutum a kan imaninsa. Ajiye ta kusa da jerin 1864 ka karanta su tare, sannan ka yanke wa kanka hukunci ko bunƙasa ce ko juyawa. Wani abin dariya ma, malamin Amurkan da ya taimaka wajen rubuta ta, John Courtney Murray, shekara goma kafin nan manyansa sun hana shi rubutu a kan wannan batun.

Daga nan ka duba su wanene ke kuka, kuma ka saurari ɓangarori biyun, don gyara a Katolika kullum ta gaba da ta baya ake jansa. A gefe ɗaya akwai Akbishop Marcel Lefebvre, Bafaranshe da ya daɗe yana aikin mishan a Afirka har ya riƙe Dakar, ya ƙi sabuwar Misa ya ƙi maganar 'yancin addini, ya kafa ƙungiyarsa a 1970 da makarantar horar da limamai a Switzerland, ranar 30 ga Yuni 1988 ya naɗa bishop huɗu ba da izinin Paparoma ba aka yanke shi daga zumunci. Benedict na 16 ya so ya lallashe su, a 2007 ya buɗe ƙofar tsohuwar Misar Latin ga kowane Fada, Francis ya zo a Yuli 2021 ya sake ƙuntata ta yana cewa an mayar da ita makamin ƙin taron Vatikan na biyu. Paparoma biyu a jere, hukunci biyu masu karo da juna cikin shekara goma sha huɗu, sarki goma zamani goma kenan, kuma wannan kaɗai ya ishe ka gane cewa doka ce. A ɗaya gefen akwai Jamusawa, waɗanda bayan rahoton 2018 kan cin zarafin yara a cikin coci suka shiga wani dogon taro na bishop-bishop da 'yan coci daga 2019 zuwa 2023, suna neman a sake duba rashin auren Fada, matsayin mata, koyarwar jima'i da yadda ake raba iko, Vatikan ta yi ta taka musu birki. In labarin da aka turo maka daga shafin ɗaya daga cikin ɓangarorin nan ya fito, ka sani an riga an zuba masa yaji.

Bari mu gwada duk wannan a kan labarin da ya fi tayar da ƙura a nan gida. Ranar 18 ga Disamba 2023 ofishin koyarwar bangaskiya, ƙarƙashin Kadinal Fernández ɗan Ajantina, ya fitar da takardar Fiducia Supplicans da amincewar Francis. Kanun labarai suka ce Paparoma ya halatta auren jinsi. Matsayin takardar, sanarwar ofishi ce, tana da nauyi amma ba hukuncin babban taro bace. Abinda ta ce, aure yana nan tsakanin namiji da mace, amma Fada na iya sa albarka ga mutum biyu da ke zaman da coci bai amince da shi ba, har da masu jinsi ɗaya da waɗanda suka rabu suka sake aure, da sharaɗin kar a yi shi cikin tsarin ibada, kar a haɗa shi da ɗaurin aure na kotu, kar a sa kayan biki ko kalaman biki. A farkon Janairu ofishin ya ƙara bayani cewa addu'a ce ta daƙiƙa goma ko sha biyar. To shin wani abu ya canza? Eh, ya canza, don a Maris 2021 wannan ofishin dai ya ce ba zai yiwu a sa wa irin wannan zaman albarka ba, masu cewa ba komai ne suma basu faɗi gaskiya duka ba. Sai kuma martani, cikin 'yan kwanaki ƙungiyar bishop-bishop ta Najeriya ta ce a nan ba za a yi ba, ranar 11 ga Janairu 2024 Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa ya fitar da wasiƙa a madadin bishop-bishop na Afirka cewa ba za su aiwatar ba, kuma sai da ya je Roma suka daidaita da Paparoma kafin ya fitar. Bishop-bishop na arewacin Afirka su kuma suka ɗauki matsayi mai sassauci, Cocin Kibɗawa na Masar ya dakatar da tattaunawa da Katolika. Kaga yadda labarin layi ɗaya ya zama mai hawa huɗu, kuma Fadan da ke Kafanchan ko Maradi ranar Lahadi bai canza komai a aikinsa ba.

Wanda ya kawo mu ga matakin da na fi so, ka bar waya ka je ka gani da ido. Ka nemi izini ka shiga Misar Hausa a wani ƙaramin coci, ko a kudancin Kaduna ko wajen Malumfashi, cikin dayosis ɗin Katsina, wato yankin da bishop ke riƙe, wanda aka kafa a 2023 da Bishop Gerald Mamman Musa. 'Yan zumuntar mata sun sha anko sun zauna a gefe ɗaya, wata ta rungume tulu tana buga bakinsa, wata na kaɗa kacau-kacau, wata yarinya 'yar sakandare ta hau ta karanta wasiƙar Bulus da Hausa, lokacin baiko a taso layi-layi ana rawa, in kaka ce har da damin dawa da kaza a hannu, in kuma Fada bai samu zuwa ba don yana da ƙauyuka da yawa, katikis, mai koyar da addini da ba Fada ba, ya ja addu'ar. Ka tambayi wani dattijo yadda abin yake a da, zai gaya maka Fada Bature ne ya juya wa jama'a baya yana raɗa Latin, yaro na kaɗa ƙararrawa, mutane na jan rosari ba su san me ake cewa ba. Wannan shine gyaran da ya taɓa rayuwar miliyoyin mutane, kuma baka taɓa ganin an yi faɗa a kansa a Facebook ba. A Kampala a 1969 Paul na 6 ya gaya wa 'yan Afirka cewa suna iya samun Kiristanci irin na Afirka, kuma ya kamata su samu, a 1988 Roma ta amince da tsarin Misa na musamman na ƙasar Zaire, Kongo ta yau, mai rawa da ambaton kakanni.

A can ne kuma zaka ji tambayar da ta fi damun mutanenmu, wadda Bajamushe bai taɓa tunaninta ba. Magidanci mai mata uku ya yi shekaru yana zuwa coci, 'ya'yansa duk an yi musu baftisma, shi an hana shi sai ya zaɓi ɗaya. Dokar coci ta 1983, sashe na 1148, ta ce in zama da uwargida zai yi masa wuya yana iya riƙe ɗaya daga cikin sauran, kuma a kula da bukatun waɗanda aka sallama, amma kowa ya san mene ne sallamar mace mai 'ya'ya biyar a ƙauye. Taron sinod na 2023 ya miƙa wa bishop-bishop na Afirka su yi nazari a kan wannan. Shi ya sa in wani yace maka addini ya bi zamani, ka tambaye shi zamanin wa, na Berlin ko na Zangon Kataf. Ana cewa zamani riga ce, to amma ba duk duniya tela ɗaya ke mana ɗinki ba.

Ka yi hattara da masu jifa da lissafi. Za su ce maka a Jamus sama da mutum dubu ɗari biyar sun fita daga Katolika a 2022 kaɗai, gaskiya ne, sannan su ce a Najeriya coci cike yake, shima gaskiya ne, sai su rufe da cewa ka gani sassauci ke kashe addini. Amma a Jamus duk wanda ke rajista a coci ana cire masa harajin coci, kashi 8 ko 9 cikin ɗari na harajin albashinsa, fita na nufin daina biya, ga kuma fushin badaƙalar cin zarafin yara, ga cocin Furotesta na can da ya riga ya yi duk gyaran da ake nema shima yana zubar da mutane. Lissafin bai goyi bayan kowa ba yadda suke so.

Ni nawa ra'ayin, tunda dole a tambaya, akwai inda zamani ya yi wa coci gyara kuma coci ya kamata ya gode. Badaƙalar cin zarafin yara ba bishop-bishop ne suka tona ta ba, 'yan jaridar Boston Globe a 2002 da kotuna da waɗanda aka zalunta ne suka matsa, sai a 2019 Francis ya kafa dokar da ta tilasta wa limamai da sistoci kai rahoto ga hukumar coci har in bishop ne ake zargi. Galileo da aka hukunta a 1633, sai 1992 John Paul na 2 ya amsa cewa alƙalansa sun yi kuskure. Duk mai cewa kar a saurari na waje ya tuna da waɗannan. Amma akwai kuma inda coci ya ji muryar zamani sarai ya ce a'a, kamar lokacin da yawancin kwamitin da aka kafa suka ba da shawarar a halatta maganin hana ɗaukar ciki, Paul na 6 ya ƙi a ensiklikar Humanae Vitae ta 1968, ya sha zagi har ƙarshen rayuwarsa bai sake rubuta wata ensiklika ba. Kana iya cewa ya yi daidai ko bai yi ba, mutane da yawa a cikin coci ma basu bi shi ba, amma addinin da duk abinda jarida ta nema sai ya yi, ni ban ga me zai gaya wa jaridar ba ranar da ita ce ta ɓata. Abin dubawa a kowane gyara shine dalilin da aka bayar, daga cikin Littafi Mai Tsarki da koyarwar magabata aka ciro shi ko kuwa don kar a yi mana dariya ne kawai.

Na ƙarshe kuma mai sauƙi, rubuta kwanan watan labarin ka dawo masa bayan shekara ɗaya. Yanzu da Leo na 14 ke kan kujera, Ba'amurke ɗan Chicago da ya yi shekaru yana aiki a Peru, wanda aka zaɓa ranar 8 ga Mayu 2025, za a yi ta turo maka irin waɗannan, kuma wa ya naɗa bishop a ina, wa ya ba wane ofishi, sun fi gaya maka inda aka dosa fiye da hirarsa da 'yan jarida. A Oktoba 2019 bishop-bishop na yankin Amazon sun kaɗa ƙuri'a 128 kan 41 suna neman a naɗa magidanta su zama Fada a ƙauyukan da ake wata da watanni ba a ga limami ba, jaridu suka buga cewa rashin auren Fada ya zo ƙarshe. A Fabrairu 2020 Francis ya fitar da amsarsa, Querida Amazonia, ko ambaton shawarar bai yi ba, sai ya roƙi bishop-bishop su ƙara tura 'yan mishan yankin.